Yadda zafin ƙasa ke nuna ko man da ya malale yana ruɓewa

Duk wanda ya taɓa tura hannu cikin tarin taki mai danshi ya san cikinsa akwai ɗumi. Ƙwayoyin bakteriya ne ke cin takin, cin kuma yana fitar da zafi. Da wannan dabarar masana ke auna yadda man fetur da ya nutse cikin ƙasa yake ruɓewa da kansa.

A ƙauyukan Bichi, Dambatta da Makoɗa, gona na manne da gona, rijiya kuma tana kusa da gida. Idan tankin gidan mai da ke binne ya huje, ko tanka ta kife a hanyar Katsina ko Daura, man zai bi yashi ya gangara wajen ruwan da jama'a ke sha. Abin da ake son sani shi ne: man yana raguwa, ko yana nan zaune?

Daga ina zafin yake fitowa?

A can ƙasa inda babu iskar oksijin, ƙwayoyin suna mayar da man iskar methane. Iskar tana tasowa sama, ta haɗu da oksijin, wasu ƙwayoyin su cinye ta. A wannan mahaɗar mafi yawan zafin yake fita. An daɗe ana nazarin hakan a Bemidji da ke jihar Minnesota a Amurka, inda bututun ɗanyen mai ya fashe a 1979.

Yadda ake aunawa

1. A haƙa rami biyu: ɗaya inda man ya zuba, ɗaya a wuri mai irin ƙasar amma babu mai.
2. A jera na'urorin jin zafi a kowane rami, misali bayan kowace mita ɗaya. DS18B20 mai rigar hana ruwa tana da araha, kuma da yawa na iya hawa waya guda.
3. A haɗa su da allon ESP32 da ƙaramin sola, ya riƙa adana ma'auni kowace awa, ya tura wa wayar hannu ta Wi-Fi.
4. A cire ma'aunin rami mai tsabta daga na rami mai mai. Abin da ya rage shi ne zafin ruɓewa.

Rami na biyu dole ne, domin zafin bazara da sanyin hunturu suna ratsa ƙasa mitoci da dama. Bambancin da ake nema kuwa digiri kaɗan ne, alhali DS18B20 tana iya kuskuren rabin digiri. Saboda haka kafin a binne su, a tsoma dukkansu cikin bokitin ruwa ɗaya, a rubuta saɓanin kowace.

Lissafin

Giram ɗaya na mai yana sakin zafi kusan kilojul 45. Misali, idan zafin da ke fita ya kai wat 1.5 a kowace murabba'in mita, to kimanin kilo 1 na mai ke ruɓewa a wurin cikin shekara. Jiƙaƙƙen yashin damina ya fi busasshe wuce da zafi, don haka ana buƙatar ma'aunin shekara guda cur.

Iyakar dabarar

Ɗumi yana nuna ana cin man, amma ba ya nuna ruwa ya shawu. A rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni, an samu sinadarin benzin mai jawo kansa a rijiyoyin Ogale, ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Rijiyar da ke warin fetur, a daina shan ruwanta, a kai shi ɗakin gwaji, sannan a sanar da hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai.