Amsoshin Tambayoyinku: Ina Zan Samo Littattafan Bincike?

Wani ɗalibi daga Boɗinga ya aiko yana tambaya: an ba shi aikin rubutu kan zaman Shehu Usmanu a Sifawa, ina zai nemi abin dogaro?

To, malam, Allah ya ba da sa'a. Fara da Laburaren Abdullahi Fodiyo na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ka nemi littafin Murray Last na 1967 kan Daular Sakkwato. Kada ka tsaya a shafukan ciki kawai. Duba ƙarshensa ka ga inda ya ɗebo, domin nan za ka gamu da Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya ga abin da ya faru da idonsa. Takardun hannu kuwa, sai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu.

Duk abin da ka ɗauka, tambayi kanka: wa ya rubuta, yaushe, a wajen wa ya ji? Rubutun Facebook marar suna ba hujja ba ne, ko da ya yi daɗin karatu. Dattawan Sifawa ma ka zauna da su, amma ka gwada maganarsu da abin da ke rubuce. Lambar shafi kuma, rubuta ta nan take.