Haɗin Gwiwar Ƙasashe Kan Fasahar Ruwa

Ɗalibin da ya tsaya a Kwangila ya hangi rafin Kubanni da wuya ya kawo wata ƙasa a ransa. Amma Kubanni a Galma take zuba ruwanta, Galma ta kai shi kogin Kaduna, shi kuma ya miƙa shi ga kogin Kwara, wanda ya taso tun daga tsaunukan ƙasar Gini. Ke nan Zariya tana cikin yankin kogin da ƙasashe 9 suka yi tarayya a kansa. Ganin haka ne ya sa aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta kogin a 1964, aka sabunta ta a 1980, da mazauninta a Yamai.

Idan aka ce musayar fasahar ruwa, akasarin ɗalibai injuna da manyan bututu suke hangowa. A ganina, awo shi ne kan gaba. Sai an san yawan ruwan saman da ya sauka, da yawan wanda ke wucewa ta wani mashigi kowace rana, sannan za a iya zancen rabo. Don haka ake kafa tashoshin awo a bakin kogi, kowace ƙasa tana aika wa hukumar abin da ta auna. Akwai kuma horar da ma'aikata, kamar yadda Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando, Kaduna, take yi tun 1979.

Misalin da ya fi kusa da Bahaushe shi ne na Gulbin Maraɗi. Ruwansa daga ƙasar Katsina yake tasowa, inda ake kiran sa Gada, ya tsallaka iyaka ya ratsa fadamun Maraɗi, sannan ya sake komowa Nijeriya ya faɗa gulbin Rima. Wato kowace daga ƙasashen biyu tana sama da 'yar'uwarta a wani wuri, tana ƙasa da ita a wani. Da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya, manomin rani na Katsina ya sami abin ban-ruwa, amma duk abin da aka tare a nan an rage shi ne daga rabon mai lambu a Madarumfa da Maraɗi, alhali sau da yawa dangin juna ne. Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijeriya da Nijar ta shafi wannan gulbi da wasu koguna 3, har da Komadugu-Yobe. Ta ɗora wa kowace ƙasa nauyin tattara bayanan ruwa da miƙa su ga hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu, wadda aka kafa a 1971. Sa hannu a takarda dai bai taɓa yin wuya ba; kula da ma'aunan da ke bakin gulbi shekara da shekaru shi ne jan aiki.

Malamin Hausa ya lura da kalmomin wannan fanni tun kafin ya shiga aji. Abin da Bazazzagi da Bakano suke kira kogi, Bakatsine da Basakkwace da mutumin Maraɗi gulbi suke cewa, kuma duka biyun daidai ne.

Aiki: Zana hanyar da ruwan Kubanni yake bi har teku, sannan ka bayyana bambancin rafi da ƙorama da fadama da tafki.