Rumbun Da Ke Cikin Jikin Mai Azumi

Manomin Kausani, a ƙasar Wudil, ba ya cinye hatsinsa da kaka. Yakan zuba gero da dawa a rumbu, ya riƙa ɗiba kaɗan kaɗan har damina ta kewayo. To, jikin ɗan Adam ma da nasa rumbunan. Sanin aikinsu yana da amfani ga mai azumi, domin a ƙasar Kano azumin yini yakan kai awa 13 zuwa 14.

Bayan Sahur

Idan mutum ya ci tuwo ko ya sha koko da sahur, hanji yakan narkar da abincin ya zama wani irin sukari da likitoci ke kira gulukos, sa'an nan ya shiga jini. Awa 3 ko 4 na farko da wannan jiki ke aiki. Abin da ya yi rara kuwa, wani sinadari mai suna insulin yakan sa a ajiye shi a hanta da tsoka, wani sashi kuma ya zama kitse.

Hanta Ta Karɓi Aiki

Da hantsi abincin sahur ya gama shiga jini, sai hanta ta buɗe rumbunta. Wani masani na Faransa, Claude Bernard, shi ya fid da wannan ajiya daga hanta a 1857. Hantar babban mutum takan riƙe kamar giram 100, tana sakinsa cikin jini sannu sannu, domin ƙwaƙwalwa kaɗai tana bukatar wajen giram 120 dare da rana. Tsoka takan riƙe kamar giram 400, amma nata ba ta ba kowa, ita kaɗai ke ƙona shi wajen aiki.

Yayin da rana ta yi nisa, jiki yakan ƙara dogara ga kitse don ya lallaɓa ajiyar hanta. Ajiyar nan ba ta kusan ƙarewa sai an yi kamar kwana guda cur ba a ci kome ba. Watau mai lafiya yana da guzurin da zai kai shi magariba.

Amma fa ruwa ba shi da rumbu irin wannan. Sau da yawa kasalar la'asar ƙishirwa ce ke kawo ta, balle da bazara.

Abin Lura

1. A jinkirta sahur, a ci abinci mai daɗewa a ciki, kamar tuwon dawa, da wake, da fura da nono. Kayan zaƙi sukan wuce da sauri.

2. A sha ruwa sosai tsakanin buɗa baki da sahur.

3. Masu noman rani da masunta na kogin Wudil su yi aiki mai nauyi da sassafe, su nemi inuwa da tsakar rana.

4. Mai ciwon sukari, musamman mai shan magani ko allurar insulin, ya je Babban Asibitin Wudil ya ga likita tun watan azumi bai kama ba. In yana azumi ya ji rawar jiki, da gumi mai sanyi, da jiri, ko hankalinsa ya fara rikicewa, sukarin jininsa ya yi ƙasa ke nan. Ya sha abu mai zaƙi nan take, a kai shi asibiti. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.