Amsoshin Tambayoyinku: Ko Ana Gyara Raunin Idon Yaro?

Wata baiwar Allah daga Zariya ta aiko tana cewa ɗanta mai shekara 4 yana da harara-garke, kuma likita ya ce a riƙa rufe masa ido mai lafiyar. Ta ce, ina hikimar hakan?

To malama, Allah ya ba yaro lafiya. Gani dai aiki ne na ido da ƙwaƙwalwa tare, kuma tun yaro yana jariri ƙwaƙwalwa take koyonsa. Idan ido ɗaya ya karkace, ko yana gani dishi-dishi, sai ƙwaƙwalwa ta yi watsi da shi ta dogara ga ɗayan. Rufe lafiyayyen da filasta kan tilasta mata komawa ga mai raunin. Galibi akan fara da tabarau, sannan rufewar, wani lokaci awa 2 kacal a rana, yaro yana zane ko wasa. Wani likitan kan ba da maganin ɗigawa na atrofin a madadin filasta.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: maganin ya fi ci kafin shekara 7. Saboda haka malama, a daure a bi umarnin likita, kada a tsallake ranar komawa asibiti.