Miya mai gina jiki ko babu nama

A Gidigir, cikin yankin Gure, in bazara ta yi, kayan miya sai su yi tsada. Nama kuwa ba kullum ba. Yara ne suka fi shan wuya, don tuwo da miyar kuka tsura ba su isa gina jikinsu ba.

Amma kowane abu yana da madadi. In babu nama, uwar gida ta sa wake ko dakakken ƙuli-ƙuli. In babu albasa, ga gabu. In babu ɗanyen tumatir, ga kauɗa. In daddawar kalwa ta yi tsada, ta batso tana yi.

Ga yadda ake haɗawa. A surfa wake cikin hannu 2, a dafa har ya yi laushi. A zuba gabu, da kauɗa, da daddawa, da gishiri. Ganyen zogala ko na yakuwa shi ne na ƙarshe, don kada ya daɗe bisa wuta. Kanwa kaɗan ta isa. In ta yi yawa, tana rage amfanin ganye.

Ganyen bazara tun da damana ake shanya shi, cikin inuwa, ba cikin rana ba. Tun ran gini ran zane.