DARASIN ƘUNGIYA: KANTI A CIKIN WAYA, TALLA A ƘAFA

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu da dama sun buɗe shafi a Facebook ko WhatsApp domin sayar da zuma, citta, acca da shinkafa. Wannan abu ne mai kyau. Amma waɗansu suna kuka cewa sun sa hotuna wata da watanni, ba wanda ya kira. Kaya suna ajiye, membobi suna jiran kuɗin makarantar yara, daga bisani a kai wa dillali a kan farashin da ya ga dama. A wannan darasi za mu duba yadda za mu nemi masu saye a arewacin birnin Kaduna, wato daga ƙetaren kogi har zuwa Kawo da Mando.

Mu fara gane wannan: shafin intanet kamar rumfa ce da aka kafa a tsakiyar daji. Idan ba a share hanya ba, ba mai zuwa. Mutumin Unguwar Rimi ko Malali ba zai aika kuɗinsa ga baƙon da bai taɓa gani ba, balle a kan zuma, wadda kowa ya san ana yi mata algus da sukari. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Saboda haka aikinmu na fari shi ne mu sa kayan a hannun mutum, ya duba, ya ɗanɗana. Waya za ta yi nata aikin daga baya, sa'ad da kwalbarsa ta ƙare yana neman wata.

Ina za mu same su? Akwai babbar kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a tsakiyar gari. Akwai kasuwar Kawo da take ci ran Talata. Akwai tashoshin mota na Kawo da Mando, inda matafiya suke zaman jiran mota ta cika, ba abin da suke yi sai duba waya. Kada mu baza kaya ko mu manna takarda sai mun gaida shugabannin wurin, mun nemi izini. A nan muna so mu jawo hankalinku ga masu shayi. Mai shayi yana amfani da citta kowace rana, teburinsa kuma ba ya rasa jama'a safe da yamma. Ku ba shi ɗan ƙulli ya gwada. Idan citta ta yi masa, shi zai yi muku talla fiye da allon da aka biya. Tun da cuta ta lalata gonakin citta a Kachia, Jaba da Kagarko a shekara ta 2023, masu saye sun san darajar citta mai kyau, suna kuma so su san inda ta fito. Ku faɗa musu sunan ƙauyenku.

Kowace kwalba da kowane ƙulli ya fita da ƙaramar takarda mai sunan ƙungiya da lambar waya, da Hausa da Turanci, cikin manyan baƙaƙe. Lambar ta zama ta ƙungiya, a hannun magatakarda, ba ta wani saurayi da zai tafi makaranta da ita ba. Asusun banki shi ma da sunan ƙungiya. Mai saye da ya ga sunan kwalba dabam, sunan asusu dabam, zai ja da baya, kuma ba za mu ga laifinsa ba. Idan kuna niyyar kai kaya manyan kantuna, sai kun nemi rajistar hukumar NAFDAC.

Yawancin mazauna wannan ɓangaren gari Musulmi ne. Mu kula da lokutan salla, kada mu tare mutum da ciniki yana hanyar masallaci. Mu kuma shirya kaya tun kafin watan azumi, gama a lokacin ne ake yawan neman citta da zuma domin kunu da shayin buɗa-baki.

Ƙungiyar da take da ɗan ƙarfi tana iya haɗa kai da wata su kama rumfa ɗaya a Kasuwar Baje Koli ta Duniya ta Kaduna, wadda ake yi a filinta na hanyar Zariya. Sanarwar rediyo ma tana da amfani, amma da tsada. A ganinmu ta dakata tukuna, sai kuna da kayan da za su ishi masu kira.

Ku sami mai kanti ɗaya amintacce a Kawo ko Unguwar Sarki, wanda zai riƙa ajiye kayan waɗanda suka yi oda ta waya, kuna ba shi lada a kan kowace kwalba. Kada a saki kaya saboda saƙon biya da mai saye ya nuna, gama akwai na jabu. Ma'aji ya duba asusu da kansa tukuna.

Kafin taronmu na wata mai zuwa, magatakarda ya sami littafi guda. Duk sabon mai kira a tambaye shi, “A ina ka ji labarinmu?” A rubuta amsarsa, ko tasha, ko mai shayi, ko takardar kwalba. Ku zo da littafin wurin taro, mu duba tare inda ya kamata a ƙara kai ɗanɗano.