Wankin Ƙoda da Ledar Ayabar 'Yan Dubiya

A ɗakunan wankin ƙoda abu guda ke ta maimaituwa. Majiyyaci ya zo da nauyin ƙafafu da kasala, zuciya na tsallen bugu, a auna jini a tarar fotasiyam ya haura 6.5, alhali ƙa'idarsa tsakanin 3.5 ne da 5.0. Da an bincika, sai a ji 'yan dubiya ne suka cika gida da ayaba da dabino da ruwan kwakwa, wai don ya samu ƙarfi.

Zancen cewa kayan marmari ba sa cutar da kowa, na mai lafiyayyar ƙoda ne. Ƙodar da ta gaza ba ta fitar da fotasiyam ta fitsari, sai ya taru har ranar wanki. Ayaba matsakaiciya ɗaya na ɗauke da kusan miligiram 420, kuma yawancin masu wanki ana ƙayyade musu wajen 2,000 a yini. Ƙa'idar wanki sau 3 ce a mako, amma tsada ta sa da yawa suna yin sau 1, wasu ma sai jiki ya rikice. Ga irin waɗannan, dabinon buɗa baki da azumi ba ƙaramin haɗari ba ne.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne gishirin da ake tallatawa masu hawan jini, irin su LoSalt. An rage masa sodiyam ne aka cike gurbin da fotasiyam. Ɗa ya sayo wa mahaifinsa shi da kyakkyawar niyya, mai shago bai tambayi komai ba, ana barbaɗa shi a kowace miya. Mai wankin ƙoda kada ya taɓa shi ko kaɗan. Haka ruwan toka da wasu ke sa wa miyar kuka, da jiƙe-jiƙen masu tallar maganin “wanke ƙoda” a tasha. Yawan fotasiyam na iya tsayar da zuciya ba tare da wata alama ta gabata ba.

Don rage fotasiyam a abinci, dankali da doya a fere su, a yanka ƙanana, a jiƙa, a tafasa a ruwa mai yawa, sannan a zubar da ruwan. Alayyafo ma haka. Tumatirin gwangwani da zogale a rage. Farar shinkafa da kabeji da tuffa da abarba sun fi sauƙi. Rashin bahaya na kwanaki ma yana ɗaga fotasiyam, a gaya wa likita. Duk wata a nemi gwajin jini, a kai sakamakon ga masanin abinci na asibiti ya tsara abin da za a riƙa dafawa.